Wa Ya Kaɗa Zaren Rigar Hakimi?

Wannan Daura ce, ranar Hawan Magajiya. Ku bar dawakin tukuna, ku dubi rigar da ke jikin hakimin nan. Aska takwas ce, aikin ya cika ƙirji ya gangaro kan aljihu. Duk wanda kuka tambaya a filin nan zai gaya muku rigar wane ce. In kun dace da dattijo, ya gaya muku unguwar da aka ɗinka ta. To ku ƙara masa tambaya ɗaya: wa ya kaɗa zaren? Nan za ku ji shiru. Ku lura ma, ita kanta tambayar da bakin namiji muke yinta, "wa ya", alhali kaɗi a ƙasar Hausa aikin mata ne tun fil azal.

Kafin injinan gurzar auduga su zo Funtuwa da Malumfashi, kafin zaren kanti ya cika kasuwa, ga yadda tsohuwar riga take somawa. Mace ta gurje auduga ta fitar da angurya. Ta shiɓe ta da bakan shiɓa har ta yi laushi kamar kumfa. Sannan ta zauna da mazari, tana dangwalar alli da yatsa don kada ya zame mata, tana murzawa tana ja. In abawa ake so ta yi shi da kauri, in na riga mai tsada ne ta ja shi siriri, kuma ya tafi bai ɗaya daga farko har ƙarshe, domin in ya yi kumburi a wani wuri masaƙi zai gane, marini zai gane, mai saye ma zai gane. Zaren tsamiya da ake yi wa riga ado da shi, shi ma sai ya bi ta hannunta. Makonni take yi a kan zaren riga guda. Daga nan ya wuce wurin masaƙi, ya shiga karofi, ya je hannun maɗinki, mabugi ya fito masa da ƙyalli. Rigar ta ƙare a gidan adana kayan tarihi a Landan ko Balin, an manna mata 'yar takarda: rigar Hausawa, ƙarni na 19.

Masu binciken tarihin zane da ƙere-ƙere sun daɗe ba su damu da wannan shirun ba. Wadda ta tayar da ƙurar wata malama ce a Amurka, Linda Nochlin. A 1971 ta buga maƙala tana tambayar me ya sa tarihin da ake koyarwa bai ƙirga mace ko ɗaya cikin manyan masu zane ba. Ba ta tsaya jero sunayen mata don kare kai ba. Ƙofofin makarantu ta duba. Babbar makarantar zane ta Faris ba ta karɓi mata ba sai 1897. Ƙungiyar masu zane ta masarautar Ingila, da aka kafa a 1768, akwai mata biyu cikin waɗanda suka kafa ta, Angelica Kauffman da Mary Moser, amma da aka zana hoton taron membobin, su biyun ba a tsayar da su cikin mutane ba, hotunansu aka rataye a bango. Wata mace ba ta sake zama cikakkiyar memba ba sai 1936. Wanda aka hana shiga maƙera, ba a tuhumarsa da rashin iya ƙira.

Wasu kuwa sun yi aikin, sunan ne aka goge. Judith Leyster 'yar ƙasar Holan ta rasu a 1660, aka ci gaba da sayar da zanenta da sunan shahararren mai zane Frans Hals don ya fi kawo kuɗi, sai a 1893 aka gano tambarinta a jikin ɗaya daga ciki: harufa biyu da tauraro.

A ganina ba duka za mu kwaso mu dire a Katsina ba. Su rigimarsu a kan zanen surar mutum ce da makarantun koyonsa. Mu gwanintarmu tana kan tufa, fata, gini, ƙwarya da kaba. Kuma a yi adalci, masaƙin can da maɗinkin ma yawanci ba a rubuta sunansu ba. Sai dai namiji yana da inda sunansa ke maƙalewa. Akwai Sarkin Maƙera, akwai Sarkin Magina, sarauta ce ana gadonta, ana yi mata kirari. Har yau ana ambaton Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Ina kirarin gwanar kaɗi? Daura ta riƙe sunayen sarauniyoyinta tun daga Kufuru har zuwa Daurama, kowane ɗan firamare ya san rijiyar Kusugu. Garin bai manta da mata masu mulki ba. Mata masu aikin hannu ne suka zube a hanya.

Dalili na farko a bakin zaure yake. Turawan da suka fara rubuta sana'o'inmu galibi maza ne, masu yi musu tafinta ma maza. Sun ga marina don a fili take, sun ga maƙera, sun ga dukawa a rumfa. Cikin gida kuwa ba shiga. Abin da ba su gani ba bai shiga littafi ba, mu kuma muka zo muka karanta littafin a jami'a.

Na biyu ya fi ciwo, don namu ne. Mun saba kiran aikin namiji sana'a, na mace kuwa "ɗan abin taɓawa". Ku shiga ɗakin amaryar da, ku ga jere. 'Yan jere sun wuni suna ɗora tasa kan tasa, kwalla kan kwalla, suna daidaita launi da girma tun daga ƙasa har kusa da rufi, a sauke a sake in ido bai gamsu ba. Da a Turai wani ya tsara kwanuka haka a ɗakin nuni, da an rubuta masa sharhi. Ga faifai mai launi, ga zanen lalle, ga kitso da sunayensa. Kuma yawancinsu ba sa daɗewa: lalle ya goge cikin mako biyu, kitso a tsefe, faifai gara ta ci. Hasumiyar Gobarau tana nan tsaye ɗaruruwan shekaru, mai bincike ya zo ya auna ta. Kitson matan da suka rayu a gindinta kuwa sai dai a waƙa.

Ku ciro naira 20 ku juya bayanta. Ladi Kwali ke nan, Bagwariya mai ginin tukwane. Tun kafin Bature ya san ta, Sarkin Abuja Sulaimanu Barau yana tara tukwanenta. A 1954 ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane da Michael Cardew ya buɗe a Abuja ta da, wato Suleja, ita ce mace ta farko a wurin. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. A wurin goggonta ta koyi aikin, kamar dubban mata. Abin da ya bambanta ta, ban da gwaninta, shi ne a cibiyar ana danna wa kowace tukunya tambarin mai ita. Nata harufa biyu ne, LK. Da su ake gane aikinta a kasuwannin gwanjo har gobe.

Shi ya sa masu binciken yanzu suka sauya dabara. Mata ne ke shiga cikin gida da rikoda, su zauna da tsofaffi, su tambayi sunan kowane zane da wadda ta koyar da shi. Ta haka Elisha Renne ta rubuta yadda matan birnin Zariya suka shiga ɗinkin babbar riga, aikin da a da na maza ne zalla.

Mu koma filin hawa. Wannan karon ku dubi kawunan 'yan kallo. Da yawa daga hulunan nan a tsakar gida aka ɗinka su, mace ta ɗora ƙyalle a gwiwa bayan ta sauke tukunya, allura na shiga tana fita har sati uku ko fiye. Yaro ya kai wa dillali, dillali ya kai wanki da guga, ta fito kasuwa. Ku tambayi mai rumfa sunan wannan. Zai ce muku Zanna Bukar.