Tsutsotsin da muke takawa a harabar jami'a

Jama'a assalamu alaikum, na baya kuna jina ko? To madalla.

Yau da safe na ga wasunku sun yanke ta kan ciyawa don kar su makara lacca, wannan ƴar hanyar da ƙafafunku suka yi ita ce maganarmu yau. Akwai wasu tsutsotsi a ƙasa, nematod ake ce musu, sirara kamar zare, yawancinsu ko milimita ɗaya ba su kai ba, sai da madubin ɗakin gwaji ake ganinsu. Ba tana ba ce fa, kar ku haɗa. Wani bincike da ya fito a mujallar Nature a 2019 ya ƙiyasta cewa kowane mutum ɗaya a duniya, akwai wajen biliyan 57 na waɗannan a ƙasa. Kun ji fa.

Kuma ba abincinsu ɗaya ba. Wasu bakteriya suke ci, wasu fangas wato dangin funfuna, wasu ƴan uwansu suke farauta irin su Mononchus mai haƙori a baki, sai masu tsotsar saiwa, su ne manomi ya sani, in ka tuge tumatir ko kuɓewa ka ga saiwar duk ƙululu ƙululu to aikin Meloidogyne ne.

Ɗauki harabar ABU a Samaru, ga gonakin gwaji na IAR, cibiyar binciken aikin gona, ga filin ƙwallo, ga gindin manyan bishiyoyi, ga bayan hostel inda ake zubar da ruwan wanki, taku kaɗan ne tsakaninsu amma a wajen tsutsa kowanne gari ne daban. Inda ake huɗa duk damina ana zuba taki, masu cin bakteriya ne ke cika wurin don su kwana kaɗan sun hayayyafa, manyan mafarautan kuwa ba sa jure hayaniya, a hankali suke haihuwa, da an dami ƙasa su ke fara ɓacewa. Da wannan Tom Bongers, masani a jami'ar Wageningen ta ƙasar Holland, ya yi ma'auninsa a 1990, ya jera su daga 1 zuwa 5, na 5 su ne masu son zaman lafiya. Hanyar yankenku kuma ƙasar ta daddale, ramukan da suke iyo cikin ɗan danshi sun toshe.

Abin da ke ban haushi shi ne sharar ganye a cinna masa wuta wai tsafta, ai abincin ƙasar ake ƙonawa.

Gwajin fitar da tsutsotsin daga cikin ƙasa ba tsada. Mazurari, guntun tiyo da aka matse bakinsa, rariya da tishu, a ɗora ƙasa cikin hannu ɗaya a zuba ruwa ya taɓa ta, bayan kwana biyu tsutsotsin sun sulalo cikin tiyon, hanyar Baermann kenan tun 1917. Sati mai zuwa kowane rukuni ya kawo ƙasa daga wuri biyu, a rubuta wurin a jikin ledar, kuma don Allah kar a bar ta a rana.