Mai ciki da tangaɗi: me motsa jiki ke gyarawa?

Ki kalli matar nan da ke saukowa daga gangaren unguwar Birni ta Damagaram da bidon ruwa a ka. Cikinta wata bakwai ne. Kin ga yadda ta ware ƙafafu, ta banƙare, tana laluben inda za ta taka tsakanin duwatsu? Bara war haka, da sassarfa take sauka nan.

Kafin ta haihu, mace kan ƙara kilo 11 zuwa 16, kuma yawancinsa a gaba yake taruwa yana rinjayarta. Jiki kuma na fitar da wani sinadari, relaksin, mai sassauta jijiyoyin ƙugu domin jariri ya samu hanya, sai gaɓoɓi su yi sako-sako. Ga ciki ya tare mata gani, ba ta hango tafin ƙafarta. Wani bincike a Amurka ya gano kusan mace ɗaya cikin huɗu ta faɗi aƙalla sau ɗaya lokacin goyon ciki. Su ke nan da ba su ɗaukar lita 20, wato kilo 20 cur, a bisa kai.

Iyayenmu kan ce mai ciki ta yi ta daka, haihuwa za ta zo da sauƙi. Da gaskiyarsu, kwanciya wuni guda kashe jiki take. Sai dai taɓarya hannu da baya take ƙarfafawa, ba ta koya wa ƙafa tsayuwa.

A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki da ba ta da matsala ta samu minti 150 na motsa jiki a mako. Minti 30 ke nan, kwana biyar. Tafiya ta wadatar, muddin kina iya hira ba ki haki. Amma ranar Damagaram a watan Afrilu ba abokiyar wasa ba ce: bayan Asuba ko dab da Magariba, da ruwan sha a hannu.

Sai na cikin gida. Ki dafa bango, ki ɗaga ƙafa ɗaya, ki ƙirga goma, ki sauya. Za ki ji idon sawu na rawa. Aikin ke nan, yana koyon riƙe ki. Ki zauna a kujera, ki miƙe, sau goma, cinyoyi su ɗauki nauyin. Kujera mai tsayi fa, ba ƴar tsugunno ba. Sannan ki matse ƙasanki kamar mai riƙe fitsari, ki saki. Wannan ko kina tsince shinkafa ba wanda zai sani. In ciki ya tsufa, kada ki daɗe kwance rigingine, ki juya gefe.

Jini ko ruwa ya zubo, jiri ya ɗebe ki, ƙirji ya riƙe, mara na murɗawa tana saki, ko sha-raɓa ɗaya ta kumbura? Ki tsaya nan take, sai likita. Mai hawan jini, da wadda aka ce mabiyiya ta tare hanya, su fara tambayar unguwarzoma ranar awo.

Malam mai gida, bidon nan kuwa naka ne, ko ka biya mai garuwa.