GDP ya ƙaru, to kuɗin na waye?

Zainab: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau babu doguwar gaisuwa, domin saƙonnin da suka taru duk a kan abu ɗaya suke. Malam Bashir na nan, Auwal ma na nan. Auwal, karanto mana wanda ya fi tayar da ƙura.

Auwal: To, Yaya Zainab. Mai saƙon cewa ya yi, tunda a lissafin GDP, wato jimillar ƙimar kaya da ayyukan da aka samar a cikin ƙasa, ana debe kayan da aka shigo da su daga waje, ashe da za a rufe iyaka a hana shigo da kaya, take GDP zai tashi. Kuma mutane da yawa sun goyi bayansa.

Malam Bashir: A'a, ba haka ba ne, kuma wannan kuskuren har manya na yin sa. Abin da ake haɗawa shi ne sayayyar gidaje, da zuba jari, da abin da gwamnati ta kashe, da abin da aka fitar waje, sannan a debe abin da aka shigo da shi. Me ya sa ake debewa? Domin ya riga ya shiga lissafi ta wata ƙofar. A ce an shigo da mota a kan dala 20,000, dillali ya sayar a 22,000. Sayayyar gidaje ta tashi da 22,000, shigo da kaya ya tashi da 20,000. Ka debe, saura 2,000, wato aikin dillali da dakon da aka yi a cikin ƙasa. Da ba a shigo da motar ba, da 20,000 ɗin nan bai bayyana a ko'ina ba. Ana debewa ne don kada a ƙirga aikin wata ƙasa a matsayin namu.

Auwal: Amma ranka ya daɗe, idan aka hana shigowar, ai mai son mota zai sayi ta gida.

Malam Bashir: In akwai masana'antar da za ta ƙera, kuma in ba kayan ƙirar ma daga waje suke zuwa ba. Wannan tambaya ce ta daban, ta ƙarfin masana'antu. Lissafin shi kaɗai bai amsa ta ba.

Zainab: Tunda mun shiga, Malam, a fayyace hanyoyi uku da ake lissafa GDP da su, amma kada mu daɗe.

Malam Bashir: Ta kashe kuɗi ita ce muka faɗa yanzu. Ta samarwa kuwa, ƙarin ƙimar da kowa ya yi ake tarawa. Manomi ya sayar da auduga a 100. Mai kaɗi ya mayar da ita zare ya sayar a 160, nasa 60 ne. Masaƙa ta yi yadi ta sayar a 250, nata 90. Tela ya ɗinka ya sayar a 400, nasa 150. Haɗa 100 da 60 da 90 da 150, ka sami 400, daidai farashin rigar. Wanda ya haɗa cinikin kowa zai sami 910, ya ƙirga auduga sau huɗu ke nan. Ta uku ita ce ta kuɗin shiga. Wannan 400 ɗin dole ta faɗa aljihun wani: albashin ma'aikata, ribar kamfani, abin da mai sana'ar kansa ya samu, sai harajin da ke kan kaya bayan an cire tallafi. A takarda ukun daidai suke. A aikace ba sa taɓa haɗuwa cif, domin kowacce daga bayanai dabam take fitowa: wannan daga binciken kamfanoni, waccan daga takardun haraji da na albashi, waccan daga kwastam da binciken gidaje. A Amurka hukumar ƙididdigar tattalin arziki, BEA, tana buga GDP, tana buga takwaransa na kuɗin shiga, GDI, ta kuma buga giɓin da ke tsakaninsu a fili. Ni ina ganin hukumar da ta nuna giɓinta ta fi cancantar a yarda da ita.

Auwal: Kuma motar gwanjo ba ta shiga.

Malam Bashir: Ba ta shiga, an ƙirga ta shekarar da aka ƙera ta. La'adar dillali ce kawai sabon aiki. Haka sayen hannun jari, a wannan lissafin ba zuba jari ba ne, takarda ce ta sauya hannu. Fansho da tallafin kuɗi da gwamnati ke rabawa su ma ba sa cikin kashe kuɗin gwamnati, sai wanda ya karɓa ya je ya kashe. Amma wanda ke zaune a gidansa na kansa, ana ƙiyasta hayar da zai biya da haya yake, a saka. In ba a yi haka ba, ƙasar da kowa ke haya za ta fi wadda kowa ya mallaki gidansa GDP ba gaira ba dalili.

Zainab: Nan zan shigo, domin wurin da rahotanni suka fi ɓata lissafi shi ne farashi. A ce GDP a farashin yau ya tashi da kashi 20 cikin ɗari, farashin abin da ƙasar ke samarwa kuma ya tashi da 17. Ka raba 1.20 da 1.17, ainihin ƙaruwar kashi 2.6 ce. In yawan jama'a ma ya ƙaru da 2.6 a shekarar, rabon kowane mutum yana nan inda yake. Shi ya sa mai sauraro zai ji an ce an samu bunƙasa, ya duba gidansa ya ga ba abin da ya motsa, kuma ba wanda ya yi masa ƙarya.

Malam Bashir: Ki ƙara da cewa wannan 17 ɗin ba ita ce hauhawar farashin da ake sanarwa duk wata ba. Ta wata-wata kwandon sayayyar gida take bi, har da kayan waje. Ta GDP abin da aka samar a cikin ƙasa take bi, har da wanda aka fitar. Ga misali: gangar ɗanyen mai ta haura dala 100 a tsakiyar 2014, a Janairun 2016 ta faɗo ƙasa da 30. Ƙasar da ta ci gaba da haƙo ganguna adadi ɗaya, GDP ɗinta na gaske a fannin mai bai ragu ba, domin yawan ganga yake aunawa. Amma abin da gangar za ta saya mata a waje ya zube. Samarwa na nan, kuɗin shiga ya tafi.

Auwal: Akwai kuma faɗuwar GDP ta 2020, lokacin kullen korona, da har yanzu ake musu a kai.

Zainab: Kwata na biyu. An ce Amurka ta faɗi da kashi 32.9, Birtaniya da 20.4, sai kowa ya ɗauka Amurka ta fi shan wuya. Alhali Amurka ninka adadin kwata take yi, kamar a ce haka za a tafi shekara guda cur. Faɗuwarta a watanni ukun kusan kashi 9.5 ce. Ta Birtaniya kuwa 20.4 ɗin ta watanni ukun ce, ba ninki.

Malam Bashir: Kuma ita kanta 20.4 ɗin akwai magana a cikinta. Aikin gwamnati ba shi da farashin kasuwa, don haka ƙasashe da yawa kuɗin da aka kashe suke ɗauka a matsayin ƙimarsa. In an biya malamin makaranta albashi, an koyar ke nan a lissafi, ko da makaranta a rufe take. Hukumar ƙididdiga ta Birtaniya kuwa ƙirga aikin take yi: ɗalibai nawa aka koyar, tiyata nawa aka yi, mutum nawa suka ga likita. Da aka rufe makarantu aka ɗage tiyatar da ba ta gaggawa ba, sai adadin ya rufta, wata ƙasar mai irin halin kuma nata bai nuna haka ba. Kwatanta ƙasa da ƙasa ba tare da sanin wannan ba ɓata lokaci ne.

Zainab: To mu zo kan tambayar da muka sa a take. GNI, wato jimillar kuɗin shigar mazauna ƙasa.

Malam Bashir: GDP yana tambayar a ina aka yi aikin. GNI yana tambayar mazaunin ina ne ya ci kuɗin. Ka ɗauki GDP, ka ƙara albashi da riba da kuɗin ruwan da mazauna ƙasa suka samo daga waje, ka debe wanda aka fitar wa mutanen waje. Amurka ma sai a 1991 ta bar GNP, wato ɗan'uwan GNI, ta koma GDP a matsayin babban ma'auninta. Dubi Luksambag: kusan rabin ma'aikatanta daga Faransa da Beljiyam da Jamus suke shigowa da safe su koma da yamma. Aikinsu na cikin GDP, su kuwa ba sa cikin yawan jama'ar da ake rabawa da shi. Dole rabon kowane mutum ya kumbura.

Auwal: Ke nan kuɗin da 'yan ci-rani ke aikowa gida yana cikin GNI.

Malam Bashir: Yi a hankali nan, Auwal. In mutum ya shekara ko fiye a can, a ƙa'idar lissafi ya zama mazaunin can, ko da fasfonsa bai canza ba. Abin da ya aiko kyauta ce tsakanin gida da gida, ba ya cikin GNI, sai a mataki na gaba, wato kuɗin shigar da ƙasa ke da shi a hannu don kashewa. Wanda ya je aikin wata shida ya dawo, albashinsa ne ke shiga GNI. Sannan ga Ailan. A Yulin 2016 hukumar ƙididdigarsu ta ce tattalin arzikin ya ƙaru da kashi 26.3 a 2015, bayan da farko an ce 7.8.

Auwal: A shekara ɗaya?

Malam Bashir: A shekara ɗaya, kuma sun bi ƙa'ida sau da ƙafa. Manyan kamfanonin waje ne suka mayar da haƙƙin mallakar fasaharsu can, sai kayan da ake ƙerawa a wasu ƙasashe da wannan haƙƙin suka koma lissafin Ailan. Ga kuma kamfanonin ba da hayar jiragen sama.

Auwal: Tsaya Malam, jirgin da bai taɓa sauka a Dablin, babban birnin Ailan, ba?

Malam Bashir: Ko sau ɗaya. Yana can yana jigila a Asiya, amma mai shi a Dablin yake da rajista, don haka jarin Ailan ne, hayarsa kuma aiki ne da Ailan ta sayar wa waje.

Auwal: To in an sayo sabon jirgi fa?

Malam Bashir: Zuba jari ya tashi, shigo da kaya ya tashi, sun kashe juna kamar motar ɗazu. Daga baya ne haya ke shigowa, tsufan jirgin kuma yana cikin adadin, domin GDP ba ya cire tsufan kayan aiki.

Auwal: In kuma kamfanin da ya yi hayar ya yi wa jirgin gyara a ƙasarsa?

Malam Bashir: Gyaran aikin ƙasar da aka yi shi ne. Sai dai ya danganta da irin yarjejeniyar hayar, domin akwai wadda a lissafi mai hayar ne ake ɗauka mai jirgin, tunda shi ke ɗauke da asara da riba, akwai kuma wadda...

Zainab: Malam, Auwal, mun bar ƙasa mun hau sama. A sauko.

Malam Bashir: To, a 2017 mutanen Ailan suka fito da nasu ma'aunin, GNI mai alamar tauraro, wanda ke cire tsufan jiragen haya da na haƙƙin fasahar kamfanonin waje, da ribar kamfanonin da hedkwata kawai suka mayar can. A 'yan shekarun nan bai kai kashi biyu cikin uku na GDP ba. Kin ga in kika auna bashin gwamnati da GDP zai yi sauƙi, in kika auna da wannan sai nauyinsa na gaske ya fito.

Zainab: Saura sauya shekarar tushe, shi ma an tambaya sosai.

Malam Bashir: Wannan gyaran sikeli ne. Ana ɗaukar shekara ɗaya a auna nauyin kowane fanni, daga nan a riƙa bin sa da alamomi. In shekarar ta tsufa, fannin da ya girma daga baya yana nan da ƙaramin nauyinsa na da. Ghana ta matsa daga 1993 zuwa 2006 a shekarar 2010, adadin ya tashi da kusan kashi 60. Nijeriya a Afrilun 2014 ta matsa daga 1990 zuwa 2010, ya tashi da kusan 89, ya kai wajen dala biliyan 510, ta wuce Afirka ta Kudu. A 1990 ina wayar salula? Kenya ma a 2014 ta samu ƙarin kusan 25. Ba wanda aljihunsa ya ƙaru a ranar. Abin da ya canza shi ne duk wani kaso da ake rabawa da GDP: bashi ya yi kamar ya ragu, haraji kuma ya fito a matsayin ɗan mitsitsi. Shawarar masana a riƙa sabuntawa duk shekara biyar, amma hakan na buƙatar ƙidayar kamfanoni, da binciken gidaje, da na gonaki, da kuɗin biyan masu zagayawa, kuma masu ƙananan sana'o'in da ba rajista su ne suka fi wuyar...

Zainab: Malam, lokaci ya cinye mu. Mun tsara rufewa da masanin tattalin arziki Simon Kuznets, da rahoton da ya shirya wa majalisar dokokin Amurka a 1934, inda shi da kansa ya ja kunne cewa wannan adadi ba ya nuna jin daɗin al'umma, da kuma ma'aunin ci gaban ɗan Adam da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 1990.

Auwal: Ba mu ma taɓa PPP ba, Yaya, wato kwatanta ƙasashe da abin da kuɗi ke iya saya a kowacce.

Malam Bashir: Minti biyu kawai, domin Bankin Duniya wajen rarraba ƙasashe GNI yake amfani da shi, da matsakaicin canjin kuɗi na shekara uku, ba PPP ba, kuma mutane na...

Zainab: Sai mako mai zuwa, Malam, in Allah ya kai mu. Masu sauraro, a ci gaba da turo tambayoyi. Mun gode.