Kuɗin Lauyan Baƙo Ma Sadaka Ce

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro.

A kotunan shige da fice na Amurka, ba sabon abu ba ne a kira sunan yaro ɗan shekara biyar ko shida, ya hau kujerar da ƙafarsa ba ta kai ƙasa, a maƙala masa na'urar jin tafinta a kunne, sannan alƙali ya tambaye shi ko ya san dalilin da ya sa aka kawo shi. A ɗaya ɓangaren lauyan gwamnati ne zaune da fayil a gabansa, aikinsa ya nuna cewa yaron nan ba shi da izinin zama a ƙasar. A ɓangaren yaron kuwa, sau da yawa babu kowa.

Dokar ƙasar ce ta yarda da hakan. Tun daga hukuncin da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a shari'ar Gideon a 1963, da hukunce-hukuncen da suka biyo bayansa, wanda ake tuhuma da laifin da zai kai shi kurkuku, idan ba shi da halin ɗaukar lauya, gwamnati ce za ta ɗaukar masa. Amma shari'ar korar baƙo ba a lissafa ta cikin shari'un laifi. Abin da doka ta ce shi ne baƙo yana da damar zuwa da lauya, muddin ba da kuɗin gwamnati ba. Ke nan wanda aka kama da zargin fasa shago zai samu mai tsaya masa kyauta, amma matar da ta gudo daga hannun waɗanda suka kashe mijinta, kuma ake shirin mayar da ita inda suke, sai dai ta tsaya wa kanta. Wata tsohuwar alƙaliyar waɗannan kotuna, Dana Leigh Marks, ta daɗe tana cewa shari'ar rai da mutuwa ake yi a kotun da aka tsara kamar ta masu karya dokar tuƙi. A 2016 kuma maganar wani babban alƙalinsu, Jack Weil, ta fito fili, inda ya ce shi yana iya koya wa yara 'yan shekara uku da huɗu dokar shige da fice har su kare kansu. An yi masa ca, kuma ya cancanci a yi masa. Yaron da bai gama iya ɗaure igiyar takalminsa ba ina shi ina dokar da manyan lauyoyi ke cewa tana cikin mafi sarƙaƙiya a ƙasar?

Alƙaluma sun nuna yadda abin yake. Wani bincike da masana shari'a Ingrid Eagly da Steven Shafer suka fitar a 2015, bayan sun duba shari'u fiye da miliyan ɗaya, ya gano cewa kashi 37 cikin ɗari ne kawai na baƙin da ake shari'ar korarsu suke da lauya. Ga waɗanda ke tsare kuwa, kashi 14 ne. Dalilin wannan tazara a fili yake. Mutumin da ke kulle ba ya aiki, balle ya tara kuɗin lauya, kuma da yawa daga gidajen tsare baƙin suna can cikin ƙauyukan jihohi irin su Luwiziyana da Jojiya, inda sai lauya ya yi tafiyar sa'o'i a mota kafin ya ga wanda yake karewa. A ƙarshen 2023 shari'un da ke jiran hukunci a kotunan nan sun haura miliyan uku.

To me lauya yake yi da mutum ba zai iya yi wa kansa ba? A nan nake so mu ɗan tsaya, domin mutane da yawa suna ɗauka cewa in dai kana da gaskiya, ka faɗe ta kawai, shi ke nan. Ba haka kotun take ba. Takardar neman mafaka da Turanci ake cike ta, shafi bayan shafi. A ƙa'ida sai an shigar da ita cikin shekara ɗaya da shigowa ƙasar, wanda ya bari wa'adin ya wuce sai ya kawo uzuri mai ƙarfi. Kuma wahala kaɗai ba ta isa hujja ba. Dole mutum ya nuna cewa ana farautarsa ne saboda ɗaya daga dalilai biyar: launin fata ko ƙabila, addini, ƙasar asali, ra'ayin siyasa, ko kasancewarsa cikin wani rukuni na musamman na jama'a. Mutum zai zauna ya ba da labarin yadda aka ƙone gidansu, yana kuka, alƙali ma ya tausaya masa, amma idan bai faɗi abin da ya haɗa ƙonawar da ɗaya daga dalilan nan ba, ya faɗi shari'a. Lauya ne ya san tambayar da zai yi masa har wannan bayani ya fito. Shi ne zai nemo takardar likita a kan tabon da ke bayansa, ya sa a fassara wasiƙar barazanar da aka aiko masa, ya lura cewa tafinta ya ce Talata alhali mutumin Laraba ya faɗa. Irin wannan ɗan saɓani na rana ɗaya yana iya sa a ce mai magana maƙaryaci ne. Akwai kuma waɗanda ba su ma kai ga tsayuwa gaban alƙali ba: sun tashi daga gidan da suke, takardar sammaci ta je tsohon adireshi, aka yanke musu hukuncin kora a bayan idonsu.

Wannan magana ba ta mutanen Latin Amurka kaɗai ba ce. A watannin Oktoba da Nuwamba na 2020, Amurka ta kwaso 'yan Kamaru da aka ƙi ba mafaka ta mayar da su gida a jirage. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta bi sawunsu, ta fitar da rahoto a Fabrairun 2022 da ya nuna cewa an tsare wasu daga cikinsu, an azabtar da wasu, an yi wa wasu mata fyaɗe, wato abin da suka ce suna tsoro shi ne ya same su. Lauyoyin sa kai da ƙungiyoyin 'yan gudun hijira ne suka ƙi barin maganar ta mutu, har a 2024 gwamnatin Amurka ta amince mutum 27 daga cikinsu su koma. A shekarun baya-bayan nan kuma dubban matasa daga Senegal da Muritaniya da Gini sun shiga Amurka ta hanyar Nikaragwa da Meziko, da yawansu ba Turanci ba Sifaniyanci. Kuma duk wanda ya san unguwar Bronx a New York ya san ana jin Hausa a masallatanta da shagunanta, daga bakin mutanen Gana da Nijar da Najeriya.

Giɓin da gwamnati ta bari, masu bayar da taimako ne suke cikewa. Ƙungiyar KIND, wadda kamfanin Microsoft da 'yar wasan fim Angelina Jolie suka kafa a 2008, tana haɗa yaran da suka shigo ba tare da iyaye ba da lauyoyin manyan kamfanoni masu yin aikin kyauta. A unguwar Harlem akwai African Services Committee, wadda 'yan gudun hijirar Habasha suka kafa a 1981, tana taimakon 'yan Afirka da lafiya da kuma shari'a. A watan Yunin 2018, lokacin da ake raba yara da iyayensu a kan iyaka, wasu ma'aurata a Kalifoniya suka buɗe asusun neman gudummawa a Facebook domin ƙungiyar RAICES ta jihar Texas, mai ba baƙi taimakon shari'a. Dala 1,500 suka nema, wato mafi ƙanƙantar kuɗin belin baƙo guda. Kafin a ankara an tara fiye da dala miliyan 20 daga hannun mutane sama da dubu ɗari biyar, akasarinsu ɗan abin da ya sawwaƙa kowa ya bayar.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne na birnin New York. Lauyoyi da wani alƙalin kotun ɗaukaka ƙara, marigayi Robert Katzmann, suka yi ta nuna wa hukuma irin ɓarnar da rashin lauya ke yi, har a 2013 majalisar birnin ta fara biyan kuɗin lauya ga baƙi marasa galihu da ke tsare. Da cibiyar Vera, mai bincike kan harkokin shari'a, ta auna shirin a 2017, ta ƙiyasta cewa kashi 48 cikin ɗari na waɗanda suka samu lauya za su yi nasara, alhali a da, a kotun shige da fice ta birnin dai, kashi 4 ne kawai na marasa lauya ke tsira. Kotu ɗaya, doka ɗaya. Wannan yana nufin shekara da shekaru ana ta korar mutanen da dokar Amurka da kanta ta ba su damar zama, don kawai ba su da mai faɗa musu.

Na san akwai mai cewa, mutum ya tsallaka iyakar ƙasar wasu ba izini, don me za a tara kuɗi a kare shi? Tambaya ce da ta cancanci amsa. Kowace ƙasa tana da ikon tsare iyakarta, kuma ba kowane baƙo ne yake da hujjar zama ba. Amma lauya ba ya sauya doka. Abin da yake yi shi ne ya tabbatar an yi aiki da ita yadda take. Lauyan kirki yakan zauna da mutum ya gaya masa gaskiya cewa shari'arsa ba ta da ƙarfi, gara ya koma gida da mutuncinsa da ya ƙare watanni a kulle. Alƙalan da kansu sun sha faɗin cewa aikinsu ya fi sauri idan akwai lauya, domin ba sai sun yi ta ɗage zama suna bayani ba.

Musulmin da ke saurare zai tuna hadisin Ummu Salama da ke cikin Bukhari da Muslim, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gargaɗi masu kawo masa ƙara cewa mai yiwuwa wani ya fi wani iya tsara hujja, a yanke masa hukunci bisa abin da aka ji, alhali haƙƙin ɗan'uwansa ne. Idan an ji tsoron hakan tsakanin mutum biyu masu harshe ɗaya, ina ga baƙon da ke fuskantar lauyan gwamnati ta bakin tafinta a waya? Kuma cikin mutum takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa a matsayin masu cin zakka, akwai matafiyin da guzuri ya yanke masa. Mun saba idan aka ce taimakon baƙo, sai hankalinmu ya tafi ga abinci da bargo da wurin kwana. Duk suna da kyau. Sai dai abinci na yini ɗaya ne, takardar zama kuwa ita ce ke ba mutum damar yin aiki ya ci da kansa, ya ci da iyalinsa, har ya aika gida.

Duk da haka kada mu ruɗi kanmu cewa sadaka za ta iya ɗaukar nauyin nan ita kaɗai. Dala miliyan 20 kuɗi ne masu yawa, amma a raba su ga shari'u miliyan uku a gani. Ƙungiyoyin nan kullum suna mayar da mutane daga bakin ƙofa saboda ba su da isassun lauyoyi. Ɗan tallafin da gwamnatin tarayya ke bayarwa ma ba shi da tabbas. A watan Maris na 2025 gwamnatin Shugaba Trump ta yanke kuɗin da ake biyan lauyoyin yara kimanin 26,000 da suka shigo ba tare da iyaye ba, sai da ƙungiyoyi suka kai ƙara wata alƙaliyar tarayya a San Francisco ta ba da umarnin a ci gaba da biya. Su wa suka shigar da ƙarar? Ƙungiyoyin da ke rayuwa da gudummawar jama'a. Kuɗin mai bayarwa ke nan yana aiki biyu: yana kare mutum guda a gaban alƙali, yana kuma riƙe waɗanda za su iya tsayawa su ce wa gwamnati ta saɓa dokarta.

Ga 'yan'uwanmu mazauna can, ƙungiyoyinku na gari da na masallaci sun yi suna wajen haɗa kuɗi idan an yi rasuwa, a yi wa mamaci sutura ko a kai gawa gida. Allah ya saka muku da alheri. Ku ware wani abu a asusun nan domin mai rai da ke tsare, ku kuma ƙulla zumunci da ƙungiyoyin lauyoyin kyauta da ke garinku. Wanda ya iya Hausa da Turanci sosai ya ba da sa'o'i biyu a mako yana yi musu tafinta, domin ƙarancin masu jin harsunanmu yana cikin abin da ke hana su karɓar mutanenmu. Sabon zuwa kuma a ja masa kunne kan 'yan damfarar da ke buɗe ofis suna cewa za su samo masa takarda, su karɓe dubban daloli su cike masa labarin ƙarya. Wanda kotu ta kama da shigar da takardar mafaka ta ƙarya da gangan yana iya rasa damar samun izinin zama har abada. Kotunan shige da fice suna da jerin sunayen ƙungiyoyin da ke ba da lauya kyauta a kowane yanki. A sa shi ya nemi wannan jerin tun zuwansa na farko, ya sanar da kotu duk lokacin da ya sauya gida, kuma ya riƙa ƙirga watanninsa tun daga ranar da ya shigo, kada shekara ta cika bai shigar da takardarsa ba.