Yadda Mutum Zai Gane Yana Mafarki Tun Bai Farka Ba

Masu kallo, assalamu alaikum. Akwai wani irin mafarki da mutum kan ankara a tsakiyarsa cewa barci yake yi, amma bai farka ba, har wani lokaci ya iya sauya abin da ke gudana a ciki. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Holan, Frederik van Eeden, shi ya raɗa masa suna "lucid dream" da Turanci a 1913, sai dai an daɗe ana ɗaukar batun tamkar tatsuniya. A 1975 ne Keith Hearne, a Jami'ar Hull ta Ingila, ya shirya da wani mutum cewa da zarar ya gane yana mafarki ya juya idanunsa hagu da dama, kuma na'ura ta nuna wannan motsi alhali mutumin yana tsakiyar barci.

An zaɓi idanu ne domin a matakin barcin da mafarki ya fi yawa, gaɓoɓin jiki kan saki, in ban da idanu da numfashi. Wannan mataki yana zagayowa kusan kowane minti 90, yana kuma ƙara tsawo yayin da gari ke shirin wayewa. Saboda haka mutumin Tawa da ya tashi sallar asuba, ya dawo daga masallaci ya sake miƙewa kan tabarma a tsakar gida kafin rana ta ɗaga, ya riga ya samu lokacin da masana ke saka wa agogo ƙararrawa domin su same shi.

Abin da ya rage masa shi ne niyya. Stephen LaBerge na Jami'ar Stanford ta Amurka ya koyar da cewa mutum ya tuno mafarkin da ya farka daga cikinsa, ya riƙa maimaitawa a zuci cewa in ya sake shiga mafarki zai gane, har barci ya ɗauke shi. Wannan kuwa ba ya yiwuwa ga wanda ke manta mafarkinsa, shi ya sa ake ajiye littafi da biro kusa da matashi, a rubuta tun kafin a taɓa salula.

Da rana ma akwai aiki. Ka tsaya gaban shago a kasuwa ka karanta allonsa, ka kau da kai, ka sake karantawa. A mafarki rubutu yakan sauya. Ko ka toshe hanci ka ja numfashi, domin a mafarki iska kan wuce. Idan hakan ya zama jiki, wata rana za ka yi shi cikin barci, ka gane mafarki kake yi.

Yawan katse barci na iya janyo dannau, wato hankali ya farka jiki bai motsa ba tukuna. Yana da firgitarwa, amma yakan wuce cikin daƙiƙoƙi ko ƴan mintoci. Wanda ke fama da rashin barci ko lalurar ƙwaƙwalwa, ya fara tuntuɓar likita kafin ya gwada.