Jawabin Tunawa da Malaminmu na Ilimin Sassan Jiki

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa, malamai, 'yan'uwa maza da mata, ina gode muku da kuka ware mini wannan lokaci domin in faɗi wani abu game da malaminmu da Allah ya yi wa rasuwa. Na san da yawa daga cikinku ba ku taɓa ganinsa ba, kuma wataƙila wasu na tambayar kansu dalilin da ya sa za a tsayar da taro saboda mutumin da bai taɓa zuwa wannan ƙasa ba. Dalilin shi ne, a cikin wannan zaure akwai likitoci da ma'aikatan jinya da suka bi ta hannunsa, kuma duk wanda ɗayanmu ya taɓa dubawa, ko ya yi wa allura, ko ya yi wa tiyata, to ya ci moriyar wannan bawan Allah ba tare da ya sani ba. Farfesa ne, amma mu ɗalibansa ba mu taɓa kiransa da wannan laƙabi ba, balle mu kama sunansa. Malam kawai muke cewa, kuma haka zan ci gaba da kiransa a yau.

Abin da ya koyar da mu shi ne anatomi, wato ilimin sanin ƙirar jikin ɗan Adam: kowane ƙashi da inda ya haɗu da ɗan'uwansa, kowace tsoka da inda ta faro da inda ta ƙare, kowace jijiya da hanyar da ta bi. Shi ne darasin da ake fara ɗora wa ɗalibin likitanci kafin a bar shi ya kusanci mara lafiya, kuma shi ne ya fi kowane darasi korar mutane daga makaranta, domin nauyin haddarsa ba na wasa ba ne. Baligi yana da ƙasusuwa 206, kuma 27 daga cikinsu suna cikin hannu ɗaya, takwas a tsintsiyar hannu kaɗai, kowanne da sunansa na Latin. Jijiyoyin da suka fito kai tsaye daga ƙwaƙwalwa tagwaye 12 ne, waɗanda suka fito daga laka kuma tagwaye 31. Wannan duka somin taɓi ne.

Ba na mantawa da ranar da muka fara shiga ɗakin gawarwaki. Tun daga bakin ƙofa warin fomalin, sinadarin da ake adana gawa da shi, ya buge mu, idanu suka fara zubar da ruwa, maƙoshi ya bushe. Tebura ne na ƙarfe a jere, kowanne da abin da aka lulluɓe a kansa, mu kuwa yara ne da yawancinmu ba mu taɓa tsayawa kusa da mamaci ba. Wasu suka fara raha irin ta mai jin tsoro, wani ya jingina da bango yana neman faɗuwa. Malam ya shigo bai ce uffan ba, ya tsaya a kan tebur na farko har sai da ɗakin ya yi tsit, sannan ya ɗaga mayafin daga gefe ya fito da hannun mamacin kawai, bai buɗe fuska ba. Ya riƙe hannun kamar mai gaisawa da babba, ya nuna mana kantar da ke tafinsa, ya ce wannan mutum ya yi aikin ƙarfi a rayuwarsa, da wannan hannu ya ci abinci, wataƙila da shi ya ɗauki 'ya'yansa, kuma daga yau shi ne mara lafiyarmu na farko, shi ne kuma malamin da ya fi shi Malam ɗin sanin abin da za a koya mana. Daga wannan rana ba a sake yin dariya a ɗakin ba, kuma ba wanda ya isa ya tashi daga aiki bai mayar da fata mazauninta ya lulluɓe gawar ba.

Wannan ladabi yana da tushe, kuma Malam ya san tushensa. Yakan tunatar da mu hadisin da Abu Dawud ya ruwaito daga Nana A'isha, cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye, sannan ya bayyana mana cewa malaman fiƙihu da suka halatta buɗe gawa domin koyon likitanci sun yi haka ne saboda lalura, da sharaɗin kada a wuce gwargwadon buƙata, kuma a binne abin da ya rage cikin mutunci. Bai kuma ɓoye mana munin tarihin wannan fanni ba. Shi ya fara ba mu labarin abin da ya faru a birnin Edinbara na Sikotilan a shekarar 1828, inda wasu mutum biyu, Burke da Hare, suka kashe mutane 16 suna sayar da gawarwakinsu ga wani malamin anatomi, abin da ya taimaka wajen sa majalisar Birtaniya ta kafa dokar 1832 da ta tsara yadda makarantu za su riƙa samun gawa. Da ni ne malamin, da wataƙila na tsallake wannan babi don kada in zubar wa sana'ata da daraja a idon yara, amma shi a ganinsa ɗalibin da bai san inda magabatansa suka zame ba, zai zame a wuri guda.

Yadda yake koyarwa kuwa, alli ne makaminsa. Yakan zo da alli kala-kala a aljihun farar rigarsa, ya fara zana ƙashi da fari a kan allo, ya ɗora tsoka a kai, ya ja jijiyar da ke ɗauke da jini daga zuciya da ja, mai mayar da shi da shuɗi, jijiyar saƙo kuma da rawaya, har sai kafaɗa ko wuya ya tashi a gabanmu daki-daki kamar ana gina ɗaki daga tushe. Idan ya gama sai ya goge, ya miƙa wa ɗayanmu allin. A nan ake gane wanda ya fahimta da wanda ya yi hadda irin ta aku. Wata rana ya yi mana tsokaci a kan harshenmu, ya ce Bahaushe da kalma ɗaya, jijiya, yake kiran abubuwa huɗu da ba su da haɗi: wadda jini ke fita ta cikinta, da wadda yake komowa ta cikinta, da wadda ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi, da kuma irin agarar da ke ɗaure tsoka da ƙashi. Ya ce ba laifin harshen ba ne, tunda mahauci da mai ɗori sun gane junansu da ita, amma likitan da mara lafiya ya ce wa jijiyarsa ke ciwo, wajibi ne ya san wacce daga cikin huɗun ake nufi, ya kuma iya mayar wa mara lafiyan bayani da Hausar da zai gane. Ni kaina sai da na fara aiki na san darajar wannan magana.

Abin da ya fi tsana shi ne ɗalibi ya ce masa haka littafi ya faɗa. Amsarsa kullum ita ce a je a duba gawar. Yakan kafa hujja da Jalinusu, likitan nan na zamanin Rumawa, wanda duniya ta bi maganarsa fiye da shekara dubu alhali yawancin abin da ya rubuta daga jikin birai da wasu dabbobi ya samo shi. Sai da aka sami masu ƙarfin halin dubawa da kansu sannan kurakuransa suka fito. Ibn al-Nafis, wanda ya rasu a Alƙahira a 1288, ya musanta cewa akwai ƙananan kafofi a bangon da ya raba ɓangarorin zuciya biyu, ya ce jini ta huhu yake bi kafin ya tsallaka daga dama zuwa hagu. Shi kuma Vesalius, malamin jami'ar Paduwa ta Italiya, a littafinsa na 1543 ya nuna cewa muƙamuƙin ɗan Adam na ƙasa ƙashi ɗaya ne ba biyu ba, ƙashin ƙirji kuma kashi uku ne ba bakwai ba. Malam ba don mu haddace shekaru yake kawo waɗannan sunaye ba. So yake mu gane cewa jikin mutane ba ya fitowa daga injin buga littafi, kuma jijiyar da zane ya nuna a nan tana iya karkacewa a jikin wanda ke kwance a gabanka.

A nan zan faɗi abin kunyar da ya same ni, domin shi ne darasin da ya fi zauna mini. Muna aiki a kan wuya, aka ba ni aikin fito da wata siririyar jijiya da ke bi ta bayan ƙullin nan na gaban wuya, wanda idan ya kumbura muke kira maƙoƙo. Jijiyar ba ta fi kaurin zare mai ƙwari ba, kuma ita ke motsa tantanin murya. Ta ɓangaren hagu har ƙirji take sauka, ta zagayo ƙarƙashin babbar jijiyar jini da ta fito daga zuciya, sannan ta sake hawowa maƙogwaro. Ina sauri in gama kafin a tashi, na sa almakashi na datse abin da na ɗauka kitse ne. Da na gane ɓarnar da na yi, sai na haɗa bakunan biyu na kwantar da su yadda ba za a lura ba. Malam ya zo, ya sa hantsaki ya ɗaga, rabi ya biyo shi, rabi ya zauna. Bai ɗaga murya ba. Ya tambaye ni abin da zai sami wannan mutum da a ce yana da rai, na ce muryarsa za ta dushe. Ya ce idan kuma na datse ta ɗaya ɓangaren fa, na ce numfashi ma zai iya gagararsa. Sai ya ce yankewar ba ta dame shi ba, domin saboda irin wannan kuskure aka kawo mu nan tukuna maimakon ɗakin tiyata. Abin da ya dame shi shi ne ɓoyewar, domin likitan da ya koyi rufe kuskurensa a kan mamaci, zai rufe shi a kan mai rai. Ya sa na kira 'yan teburinmu na nuna musu da kaina inda na yanke da abin da ya ruɗe ni. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, kuma na ɗauki makonni ina jin haushinsa.

Shekaru da yawa bayan haka, a wannan ƙasa da muke zaune, na tsaya a kan wata baiwar Allah ana cire mata maƙoƙo, kuma ban yarda an ɗaure ko an yanke komai ba sai da na ga wannan jijiya da idona, fara sol, kwance a kwarminta tsakanin bututun iska da na abinci. Da matar ta farfaɗo ta buɗe baki ta nemi ruwa da muryarta garau, wallahi fuskar Malam ce ta faɗo mini. Ita ba ta san shi ba, ba kuma za ta taɓa saninsa ba. Haka ma duk ma'aikaciyar jinyar da ta bi ta ajinsa, idan za ta yi wa yaro allura a mazaunai, hannunta da kansa yake neman sashen sama na waje, saboda an nuna mata jijiyar nan mai kaurin babban yatsa, wadda ta fi kowace jijiyar saƙo girma a jiki, tana sauka zuwa bayan cinya, an kuma gaya mata cewa allura ɗaya a inda bai dace ba tana iya barin yaro yana jan ƙafa har tsufansa.

Wannan shi ne rabon malamin anatomi. Likitan da ya yi tiyata shi ake yi wa godiya, shi ake sa wa albarka, wani lokaci har a raɗa wa jariri sunansa, amma wanda ya koya wa hannunsa inda zai bi da inda zai tsaya yana can cikin warin fomalin tare da sababbin ɗalibai, yana maimaita ƙasusuwan tsintsiyar hannu a karo na ba adadi. Malam yana da ilimin da zai iya barin aji ya nemi abin duniya, kamar yadda da yawa daga cikinmu muka yi, kuma ban faɗi haka don in zargi kowa ba tunda ni ma ga ni a nan. Shi dai ya zauna. Ba kuma zan ce ba shi da aibi ba: yana da tsanani, ba ya karɓar uzuri ko mai kyau ne, kuma a jarrabawar baka yakan yi shiru yana kallonka har sai amsar da ka sani ta gudu daga kanka. Amma ɗaliban da suka faɗi jarrabawarsa su ne yakan tara da yamma bayan kowa ya watse, ya sake bi da su tun daga farko ba tare da ya karɓi ko sisi ba, kuma wasu daga cikinsu su ne manyan likitocin fiɗa a yau.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na yi ta niyyar rubuta masa wasiƙa in gaya masa labarin matar nan da muryarta, ina cewa sai na sami sarari, har labarin rasuwarsa ya riske ni ina bakin aiki. Saboda haka ina roƙon 'yan'uwana da suka yi karatu a wurinsa, duk wanda yake da tsohon littafin da ya kwafi zanen Malam a ciki, ko wani abu da yake tunawa game da shi, ya miƙa wa sakataren ƙungiya bayan an tashi, domin mu haɗa su wuri guda mu aika wa iyalinsa, su ga abin da mahaifinsu yake yi a duk tsawon sa'o'in da ba ya gida.

Allah ya jiƙan Malam, ya gafarta masa, ya sanya ilimin da ya bari ya zama sadaka mai gudana a gare shi, ya ba iyalinsa haƙurin rashinsa. Allah ya kuma jiƙan bayinsa da muka koyi aiki a jikinsu, waɗanda ba mu san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.