Amsoshin Tambayoyinku: Na'urar Barci da Jin Ƙanshi

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Makon jiya mun taɓo maganar munshari da ɗaukewar numfashi a cikin barci, sai ga wasiƙu sun yi ta shigowa daga Makka da Jidda har Riyad, galibinsu kuma kukan hanci suke yi. Likitan kunne da hanci da maƙogwaro yana tare da mu. Likita, barka da zuwa.

Likita: Barka kadai, Hajiya. Allah ya sa mu amfana.

Mai gabatarwa: Amin. Ta farko daga unguwar Sharamansur a Makka take, wani dattijo mai sana'ar tsire. Ya ce: "An gwada barcina a asibiti, aka ce numfashina yana ɗaukewa, aka haɗa ni da na'urar hura iska ta sibab. Munshari ya tafi, iyali sun huta. Amma tun da na fara, hancina ya bushe ƙamas, da asuba a toshe nake tashi, ƙanshin nama a kan wuta ma sama-sama nake jin sa. Yajin da nake haɗawa da hannuna yanzu sai yaro ya ɗanɗana mini. Na'urar ce ta kashe mini hanci? In ajiye ta?"

Likita: Baba, don Allah kada ka ajiye ta. Hancinka bai mutu ba, kuma abin da ka kwatanta yana cikin koke-koken da muka fi ji a makonnin farko.

Bari mu fara da aikin na'urar. Mai wannan lalura, idan barci ya yi nauyi, naman maƙogwaronsa yakan saki ya rufe hanyar iska, numfashi ya tsaya daƙiƙa 10 ko fiye, ya farka a firgice bai ma sani ba, ya koma. Wanda abin ya yi wa tsanani yakan yi haka sau 30 ko fiye a awa ɗaya. Wani likita ɗan Ostireliya, Colin Sullivan, shi ya fito da dabarar a birnin Sidni, ya wallafa ta a 1981: a riƙa tura iska ta hanci da ɗan ƙarfi, ta tokare maƙogwaron kada ya rufe. Babu magani a cikin iskar nan, ba kuma iskar asibiti ta kwalba ba ce. Iskar ɗakinka ce na'urar take zuƙa ta turo maka. A riƙe wannan, don za mu koma kansa.

Shi kuwa jin ƙanshi, can sama yake a rufin kogon hanci, daidai tsakanin idanu. Wani ɗan fili ne mai jijiyoyi, lulluɓe da siririyar majina. Ƙanshin tsire sai ya hau can, ya narke a cikin wannan danshi, sannan jijiya ta kai wa ƙwaƙwalwa labari. Ɗan Adam yana da nau'in makarɓar ƙanshi wajen 400, kuma a kan gano su ne Linda Buck da Richard Axel suka sami kyautar Nobel a 2004. To idan danshin ya ƙafe, ko naman hanci ya kumbura ya tare hanya, jijiyar lafiyarta ƙalau amma saƙo ba ya isa gare ta.

Mai gabatarwa: To me ke busar da hancin, Likita, tunda ka ce iskar ɗaki ce kawai?

Likita: Babban mai laifi shi ne buɗe baki. A ƙa'ida, iskar da ka shaƙa ta hanci takan kwashi danshi ta shiga, idan ta fito ta hanci sai ta mayar da wani abu daga ciki. Amma mai ɗaure da takunkumin na'urar a hanci, da bakinsa ke buɗewa cikin barci, iska ta hanci take shiga ta fice ta baki, tafiya babu dawowa, dare guda cur. Duk wanda ya taɓa yin hunturu a Kano ko Damagaram ya san yadda hanci yake yi, har da haɓo. To hunturu ne Baba yake kwana a ciki, ga mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana ƙara tsotse ɗan danshin da ya rage a ɗaki. Hanci kuma idan ya ji bushewa kumbura yake yi, idan ya kumbura ya toshe, idan ya toshe baki ya ƙara buɗewa. Alamar da za ka gane ita ce tashi da harshe manne da ganda.

Gyaran ba shi da wuya. Yawancin na'urorin nan suna da ɗan tankin ruwa mai ɗumama iska. Mutane da yawa ba a nuna musu ba, wasu kuma sun bar shi a lamba ta ƙasa. A zuba ruwa, a ɗaga lambar kaɗan-kaɗan. Idan ruwa ya fara taruwa a tiyo yana ɗiga a fuska saboda sanyin mukayyif, a nemi tiyo mai ɗumi ko a sa masa riga, a kuma ajiye na'urar ƙasa da tsayin kai. Ga maɗaurin haɓa don rufe baki, ko a canja zuwa takunkumi mai rufe hanci da baki gaba ɗaya. Sai feshin ruwan gishiri kafin kwanciya da bayan tashi. Kuma Baba ya koma inda aka ba shi na'urar, domin tana rubuta yawan iskar da ke zurarewa kowane dare, za su karanta su gani. Ƙarfin iskar, wanda yakan kama daga lamba 4 zuwa 20, a bar wa likita shi. Kada yaro mai iya latse-latse ya taɓa.

Mai gabatarwa: Maganar yajin fa? Ya ce har ɗanɗano ya ragu.

Likita: Ai Bahaushe ya riga mu, da ya ce hanci bai san daɗin gishiri ba. Gishiri, zaƙi, tsami, ɗaci da garɗin nama, waɗannan na harshe ne. Zafin barkono kuma wata jijiya ce daban. Amma abin da ke bambanta citta da kanumfari da masoro da ƙuli-ƙuli, ƙanshi ne da ke hawa ta bayan maƙogwaro zuwa hanci lokacin tauna. Saboda haka Baba ya yi hattara a 'yan makonnin nan, hannunsa zai riƙa nauyi wajen gishiri da dunƙule don neman daɗin da ya ɓace. Masu wannan lalura da yawa suna da hawan jini, ƙarin gishiri ba alheri ba ne gare su, balle masu sayen tsire. Ya bar yaron ya ci gaba da ɗanɗanawa tukuna.

Mai gabatarwa: Wannan kuma daga Riyad, wani direba. Nasa akasin haka ne. Ya ce wata uku ke nan da farawa, yanzu ƙanshin gahawa da hel tun daga bakin ƙofa yake jin sa, warin mai a gidan mai kuma har ya dame shi. Ko da matsala?

Likita: Malam direba, sai mu ce barka. An yi wasu ƙananan bincike a Turkiyya da Turai da suka nuna masu ɗaukewar numfashi sukan sami raunin jin ƙanshi, kuma da dama ya inganta bayan kamar wata uku a kan na'ura. Shekaru kana kwana baki buɗe, iskar jininka tana sauka tana hawa, yanzu ka koma numfashi ta hanci. Ƙwaƙwalwa za ta saba, damuwar za ta lafa. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne mai riƙe da sitiyari a hanyar Riyad ya daina gyangyaɗi.

Mai gabatarwa: Ta uku ta shafe mu mata. Wata baiwar Allah daga Karantina a Jidda ta ce maigida ne ke amfani da na'urar, yana ƙorafin warin roba da wani bashi-bashi. Ita kuma ba ta iya kwana ɗaki babu turaren wuta. Tana tambaya ko ta ɗiga masa humra ko ruwan wardi na Ɗa'ifa a tankin, ko kuwa ta zuba zamzam don albarka.

Likita: Hajiya, niyya ta yi kyau, amma ko ɗaya kada a zuba. Humra da almiski da man oud duk mai ne. Abin da aka sa a tankin nan kai tsaye huhu yake nufa, awa shida ko bakwai, da ƙarfin inji. Mai idan ya shiga huhu ba ya fita da sauƙi, yana iya jawo kumburi mai wuyar magani. Yana kuma cin robar takunkumi ta saki, iska ta fara zurarewa. Haka basilin da man zafi da wasu ke shafawa a cikin hanci kafin su ɗaura.

Zamzam kuwa, a ba maigida ya sha ya yi addu'a. Ruwa ne mai ma'adinai da yawa, idan aka ɗumama shi kullum farin dutse zai bari a gindin tankin. Ruwan famfo da na tanka ma haka suke yi. Abin da ake so shi ne ruwan da aka tace ta hanyar tururi, a saidaliyya, wato kantin magani, a ce moya muƙaɗɗara. Ban ce ruwan batir na wajen makanikai ba. Idan dare ya yi babu shi, ruwan gora na sha zai fitar da ku zuwa safiya.

Warin robar sabon takunkumi yakan gushe da wanki cikin 'yan kwanaki. Bashin nan shi ne abin dubawa, domin a danshin Jidda ruwan da ya kwana biyu a tanki ko tiyon da bai bushe ba, fumfuna ba ta jira. A zubar da ragowar ruwa kowace safiya, a goge robar da ke taɓa fuska kullum, a wanke tiyo da tanki duk mako da sabulu marar ƙanshi, a shanya a inuwa.

Mai gabatarwa: Turaren wutar fa, Likita? Kada ka raba mu da shi, mata za su kashe rediyo.

Likita: Ni ma gidana ana yi, Hajiya, ban isa ba. Amma ki tuna na ce iskar ɗaki na'urar take zuƙa. Akwai ɗan filta a bayanta ko a gefe, hayaƙin turare yana maƙalewa a jikinsa, sai ta yi ta hura wa maigida ƙanshin jiya da shekaranjiya har asuba. Hancin da ya kwana cikin ƙanshi ɗaya gajiya yake yi da shi, ga hayaƙin yana ƙara kumbura shi. A yi turaren da wuri, tun bayan la'asar ko magariba, na'urar tana cikin jakarta, a buɗe taga ɗakin ya sha iska kafin kwanciya. A riƙa duba filtan duk mako, in ya yi baƙi a canja. Lokacin guguwar ƙura ba ya kai wata.

Mai gabatarwa: Daga Madina, wani ɗalibi ya rubuto a madadin mahaifinsa. Ya ce tsohon yana jin ƙaurin hayaƙi cikin dare, amma an duba ba abin da ke ƙonewa. Na'urar kuma ta hannu ce, wani ɗan'uwa ya sayo a kasuwar haraj.

Likita: Abu biyu za a raba. A kunna na'urar wani ya sansana iskar. Idan shi ma ya ji ƙauri, a zare ta daga wuta nan take, a kai ta a duba, a kuma sanar da likita don kada tsohon ya daɗe babu madadi. Tunda ta hannu ce, a duba sunanta da lambarta. A watan Yunin 2021 kamfanin Philips ya yi kiranyen miliyoyin na'urori, ciki har da DreamStation ta farko, saboda soson rage ƙara da ke ciki yana iya ruɓewa ya saki ɓurɓushi a hanyar iska, kuma zafi da danshi suna hanzarta hakan. Baƙin ɓurɓushi a tiyo ko a tanki ba abin wasa ba ne. Sannan na'urar wani an saita ta ne daidai maƙogwaron wani, sai an sake saita ta.

Idan kuwa shi kaɗai ke jin ƙaurin, har a masallaci, har da rana, to daga hancinsa ne ko jijiyarsa. Ana ganin haka bayan mura mai tsanani ko korona, da ciwon kogon hanci, da ciwon kai na ɓari ɗaya. Jefi-jefi yakan zama alamar farfaɗiya, musamman idan ya zo farat ɗaya tare da ɗimuwa. Kafin a kai shi wajen malami a ce shafar aljanu ce, a kawo shi mu leƙa hancin da madubi.

Mai gabatarwa: Saura minti biyu. Mutum uku sun yi tambaya iri ɗaya, a kan feshin buɗe hanci irin su Otrivin.

Likita: Yana buɗewa cikin minti kaɗan, shi ya sa ake son sa. Amma idan aka wuce 'yan kwanaki, uku zuwa biyar, hanci yakan koma toshewa fiye da da, har mutum ya kasa barci sai da shi. Mai toshewar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, akwai feshi na dogon zango da likita ke rubutawa, kuma sai an duba ko akwai tsiro a hanci ko karkacewar guringuntsi.

Wanda ya gyara danshi da zurarar iska, wata ɗaya zuwa biyu ƙanshi bai dawo ba, ya zo asibiti. Wanda hancinsa ɓari ɗaya ne ya toshe, ko yana fitar da jini ko majina mai ɗoyi, ko ƙanshin ya ɗauke ɗif dare ɗaya, kada ma ya jira. Muna da atisayen da Farfesa Thomas Hummel na Dresden a Jamus ya gwada a 2009: a sansana wardi, lemun tsami, kanumfari da man bishiyar turare, wato yukaliftus, safe da yamma, na aƙalla mako 12. A kwalba za a sansana, nesa da na'ura. Kafin hanci ya dawo kuma, wani ya riƙa duba masa tukunyar gas da abincin da ya kwana.

Mai gabatarwa: Mun gode, Likita. Mai neman shawarar gaggawa yana iya kiran layin ma'aikatar lafiya ta Saudiyya, 937. Wasiƙun da suka shafi tafiya Umara da na'ura da kwana a Mina sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.